Matar da Rahila Ta Hana Shiga

A Sabon Garin Gusau, in aka ce Rahila sai a tambaya wace Rahila, in aka ce ta asibiti sai kowa ya taɓe baki. Ba nas ba ce, ba ungozoma ba ce, ko cikin masu shara ba ta. Amma kullum da hantsi za ka gan ta ta nufi asibitin nan na gefen gari da langa uku ɗaure a tsumma bisa kai, bokiti a hannu, fuska a murtuke kamar wadda aka yi wa dole. Ba wanda ya yi mata dole. Ita ta ɗora wa kanta, ita ce kuma ta fi kowa mita a kai.

'Yar kudancin Zariya ce. Mijinta Bulus ma'aikacin reluwe ne, aiki ya kawo su Gusau tun kafin a sami mulkin kai, kuma ɗa ɗaya Allah ya ba su, Yohanna. Ciwon ƙirji ya ɗauke Bulus. Yohanna ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya aiko da wasiƙa biyu, daga nan shiru. Da aka gama yaƙi 'ya'yan mutane suka dawo, wani da ƙafa ɗaya, wani da rediyo a kafaɗa, nata ko takalminsa ba a kawo ba. Rahila ba ta zauna tana kuka a gaban jama'a ba, faɗa ta koma yi. Ta yi da maƙwabta a bakin famfo, ta yi da mahauci, ta yi da matar fasto har sau biyu.

A shekarar 1971, da amai da gudawa ya ɓarke, matan zumunta na cocinsu suka shirya kai kunu asibiti. Sun yi mako uku suna zuwa da waƙa da zane iri ɗaya, annoba na lafawa kowace ta koma ga tukunyarta. Rahila ta ci gaba da zuwa, don ta ga abin da su ba su tsaya sun gani ba. Asibiti allura da magani yake bayarwa. Abinci da wanka da wankin zane da zubar da fo duk aikin mai jinya ne, wato ɗan'uwan da ya zo da kai. Wanda ba shi da kowa sai ya kwanta cikin ƙazantarsa yana kallon rufi. Irin waɗannan Rahila ta ware ta ce nata ne. Da sassafe ta soya ƙosai a ƙofar gida, abin da ya samu ta dama kunu ta tuƙa tuwo, ta ɗauka ta tafi.

Kada a zaci zuma ke zuba daga bakinta. Tana goge wa mutum jiki tana yi masa tas, tana ba shi kunu tana tambayarsa ina danginsa suka shiga da suka bar mata shi. Nas-nas ba sa ƙaunarta, don ta fi su sanin wanda aka tsallake wajen rabon magani, kuma a gaban likita take faɗa. 'Yan cocinsu suna cewa tana ɓarnar hatsinta a kan mutanen da ko barka da Kirsimeti ba za su yi mata ba. Wasu 'yan gari kuma suna cewa farautar masu shiga addininta take yi a bakin mutuwa. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, don in majinyaci ya nemi ruwan alwala ita ke ɗebo masa, tana tafe tana ƙunƙuni. In ka tambaye ta me take samu a wannan wahala, sai ta ce ina ruwanka. Gaskiyar magana, a ɗakin marasa lafiyar nan kaɗai ake ɗaga kai in ta shigo. A gida ba mai jiranta. Tana son a jira ta, kuma ba ta ƙaunar ganin kowa kusa da gadon da ta riga ta ce nata ne.

Tun bayan annoba asibitin ya kafa doka: kowane gado mai jinya ɗaya, da katinsa. Kafin Garba mai gadi ya bar ka ka wuce, sai ka faɗi sunan majinyacinka da abin da kake a gare shi. Katin waɗanda ba su da kowa yana hannun Rahila, a ƙulle a bakin zane.

Da bazarar 1974, bayan farin da ya karkashe shanu, wata motar hatsi daga Bungudu ta sauke wani Bafulatani a ƙofar asibitin ta yi gaba. Jibo sunansa, daga wata ruga bayan Karakkai. Ya hau gawo zai sassaro wa 'yan shanun da suka rage ganye, reshe ya karye da shi, ƙashin ƙafa ya ɓullo waje. An yi ɗorin gida, ya ruɓe. Ba wanda ya biyo shi, saboda haka katinsa ya faɗa hannun Rahila.

Shekarunsa za su yi daidai da na Yohanna, kuma Rahila ta lura da hakan tun ranar farko, ta ji haushin kanta da ta lura. Ana wanke masa ciwon da ƙarti ke ihu a kansa, shi ko uffan, sai gumi. Ba ya cin abinci ana kallonsa, sai ta ajiye kwano ta juya baya tana faɗa da wani. Ta yanke masa farce, ta tsefe masa kai, ta canza masa gado zuwa na bakin taga don ya sha iska. A rana ta shida, da ta miƙa masa ruwa, ya ce, "Na gode, Inna." Ta ce masa ita ba innar kowa ba ce, ta fita bayan ɗaki ta daɗe tana wanke kwanon da ba shi da datti.

A rana ta goma Garba ya aika a kira ta. A bakin ƙofa ga layin 'yan dubiya, ga wata doguwar mace ramammiya tsaye da ƙwarya a ka, ƙafafunta sun yi futu-futu. Sunanta Tambaya. Da ƙafa ta zo, don sai da ta sami wanda zai riƙe mata shanu kafin ta taso.

Garba ya ce, "Wagga baiwar Allah ta ce wani anka kawo daga wajensu, mai ƙahwa. Na ce mi sunanai, ta yi shiru. Na ce mi take gare shi, ta ce mutumin rugarsu na."

Rahila ta dubi matar. Hancin nan, goshin nan, yadda take sunkuyar da ido, duk irin na Jibo, ba sai an yi mata bayani ba. Indo mai shara, wadda ta jingine tsintsiya ta zo kallo, ta raɗa mata, "Uwatai ta. Ɗan hwari na, ba ta iya hwaɗi. Ba ta katin kawai."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne a gaban mutane, ba ta kallonsa ido cikin ido, kuma a ruga abin ya fi na cikin gari tsanani. Rahila ta shekara ashirin da wani abu a Gusau, ta san wannan sarai. Saninsa ne ma ya sa ranta ya ɓaci. Ita da za ta ba da idonta ɗaya don ta kira ɗanta ya amsa, ga wata nan da ɗa mai rai tana yi masa rowar suna. Wannan fushin na gaskiya ne. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu da bai kai shi kyau ba: in matar nan ta shiga, Jibo ya daina jiran Rahila.

Ta kwance bakin zane, ta zaro katin, ta ɗaga shi yadda duk layin zai gani.

"Doka ce, ba ni na kafa ta ba," in ji ta. "Ki ce ɗana ne, ki faɗi sunansa, in ba ki yanzu."

Wani dattijo ya ce, "Haba baiwar Allah, ba a haka." Rahila ta ce masa in ya matsu ya zo ya zubar da fo ɗin da kansa. Tambaya ta buɗe baki, ta rufe. Ta dubi katin, ta dubi ƙasa, sannan ta juya ta je gindin wata bishiyar dogon yaro da ke tsallaken hanya, ta sauke ƙwaryarta ta zauna.

"Kun gani ko," Rahila ta ce wa jama'a. "Kunyarta ta fi mata ɗanta." Ta mayar da katin ta ƙulle.

Ta zaci kafin la'asar matar za ta karaya. Ba ta san da wa take yi ba. Tambaya ta shiga gidajen unguwar Damba tana yi wa mata surfe da daka suna ba ta gero, 'yan'uwanta masu tallar nono suna sam mata ɗan abin da ya samu. Kullum da hantsi ta kawo 'yar ƙwaryar fura ta miƙa wa Garba, ba ta cewa ta wane ce, ta koma gindin bishiyarta. Kullum Rahila ta karɓe ta ce likita ya hana abincin waje, ta raba wa 'yan ɗakin mata. Likita bai taɓa faɗin haka ba.

Abin da Rahila ta manta shi ne ita da hannunta ta kai Jibo bakin taga, kuma tagar tana kallon hanya. Ko da bai gani ba ma, ga Malam Sani a gadon kusa da shi, wani tsoho manomin taba daga Tsafe da ciwon ciki ya kwantar, shi ma ɗan hannun Rahila ne, bakinsa ba ya shiru ko ana yi masa allura. Shi ya kwashe labarin bakin ƙofa kaf ya zuba wa ɗakin. Jibo ya ji duka. Shi ma ba zai buɗe baki ya ce a shigo masa da uwarsa ba, kunyar ta kowane ɓangare ce. Da Rahila ta kawo kunu ta ajiye ta juya baya, ta juyo ta tarar da shi yadda ta bar shi.

"Sha mana."

"Na ƙoshi."

Bai ƙara ce mata Inna ba. Ta kawo tuwo, ta kawo romon kaza, ta kawo shayi da madara, ta zage shi, ta lallashe shi, ta kai cokali bakinsa ya datse haƙora ya juya fuska wajen taga. Ruwa kaɗai yake karɓa, shi ma daga hannun Indo. Malam Sani yana lashe nasa kwanon yana cewa, "Ke dai kin iya tuwo, amma ba ki da kirki. Uwa tana rana, ɗa shi ci kaza? Ba shi ci." Ta ce in bai rufe mata baki ba gobe da yunwa zai kwana. Ya ce ya ji, amma dai ba shi ci.

A rana ta bakwai da Jibo ya daina cin abinci, likita ya buɗe ƙafar ya daɗe yana dubawa, ya ce jikin ba shi da ƙarfin da zai yi faɗa da ciwon, in bai ci abinci ba maganin banza ne. Rahila ta ji. Ta leƙa ta taga ta ga matar zaune, baya a miƙe, ko kallon asibitin ba ta yi. Kalma biyu kacal, ta ce a ranta, kalma biyu ta gagara faɗi. Ta tsani matar nan kamar ta mutu, kuma ta ƙara kwana biyu tana jiran ta karaya.

A rana ta tara Indo ta same ta a bakin famfo tana wankin zannuwa.

"Rahila, na ga kin yi wa mutane abin da 'yan'uwansu ba su yi musu ba, shi ya sa nike ƙyale bakinki. Amma wanga yaro kashe shi za ki yi don ki ci gardama. Ita ba ta hwaɗi, ko shina mutuwa ba ta hwaɗi, kin kuwa sani."

Rahila ta ce mai shara ta tsaya ga shararta. Indo ta tafi. Rahila ta ci gaba da cuɗa zanen da ya riga ya fita, tsoro ya kama ta irin wanda rabonta da shi tun lokacin da take zuwa tasha taryen jirgin sojoji. Ta matse zanen ta shanya, ta goge hannu, ta nufi ƙofa.

Ba haƙuri ta je bayarwa ba, bakinta bai saba ba. Ta tsallaka hanya ta tsaya a kan Tambaya, ta zaro wani katin daban.

"Ke. Akwai wani tsoho mutumin Tsafe a ciki, ba shi da kowa, ni kuma hannuna biyu ne. Malam Sani sunansa. Shi kya iya faɗin nasa?"

Tambaya ta ɗago ta dube ta, kallon da ba godiya a cikinsa ko kaɗan. Ta tashi ta ɗauki ƙwaryarta. A bakin ƙofa ta ce, "Malam Sani. Jinyatai ni zo." Garba ya buɗe mata da sauri, yana kallon wani wuri.

Ta shiga ɗakin maza ba ta dubi gadon bakin taga ba. Ta zauna a ƙasa tsakanin gadajen biyu, fuskarta ga tsohon, bayanta ga ɗanta. Ta gai da Malam Sani, ta tambaye shi jiki, ta dama fura da ludayi a hankali ta ba shi ya sha. Sannan ta miƙa hannu baya ta ajiye ƙwaryar a gefen ɗaya gadon, kamar wadda ta rasa wurin ajiyewa. Ɗakin gaba ɗaya kowa ya sami abin kallo a rufi. Malam Sani, wanda tun da aka kawo shi ba a taɓa jin ya yi shiru ba, ya rufe ido ya yi kamar barci. Can sai aka ji ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Rahila tana tsaye bakin ƙofar ɗaki da langarta a hannu, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Ta ji daɗi ya sha, ta kuma ji kamar an ƙwace mata wani abu, ta wuce gado na gaba.

Kwana huɗu yana ci. Tambaya tana yi wa Malam Sani fifita, amma ta karkata maficin yadda rabin iskar ke wucewa ta kafaɗarta. Tana yi wa tsohon labarin ruga da ƙarfi fiye da yadda kunnensa ke bukata: wace saniya ta tashi, wace ta haihu, wa ke kai su rafi. Sai dai ruɓar ta riga ta haura cinya, zazzaɓi ya ƙi sauka. A rana ta biyar, bayan azahar, Jibo ya cika. Rahila ce ta gani, ita ce ta fasa kuka har aka jiyo ta a ɗakin mata, ta faɗi a kan gadon tana jijjiga shi. Tambaya ba ta juyo ba. Maficin ya tsaya a hannunta na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Garba da mutanen masallacin asibiti suka yi masa sutura suka kai shi. Rahila ta tare likita a baranda ta tambaye shi, da ya ci abinci a kwanakin nan tara, da ya tashi? Likita ya ce ƙafar ta zo a lalace, amma shi ba zai iya rantsuwa ta kowane ɓangare ba. Ta so ya ce mata a'a, ko ma ya ce i ta san inda ta tsaya. Da wannan amsar ta zauna har ƙarshen ranta.

Kowa ya zaci Tambaya za ta kama hanya washegari. Ba ta tafi ba. Ta faɗi sunan Malam Sani a bakin ƙofa, ta ce jinyarsa ta zo, saboda haka sai da ta ƙara mako guda tana dama masa fura tana wanke masa zane. Ita da Rahila suna haɗuwa a bakin famfo, ɗaya ta jira ɗaya ta gama, ba mai ce wa wata sannu.

Rahila ta yi shekara biyar bayan wannan tana zuwa asibitin, har ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Bakinta bai canza ba, ba a kuma taɓa kiran taro an yaba mata ba. Abu ɗaya ta sake: katunan ta kwance su daga bakin zane ta bar su a hannun Garba, ta ce ya ba duk wanda ya ga dama, ita ba ruwanta.

Ranar da aka sallami Malam Sani aka ɗora shi a motar Tsafe, Tambaya ta sami Rahila ita kaɗai a bayan ɗakin maza tana ɗauraye langa. Ta ajiye katin a bakin famfo.

Rahila ta ce, "Ki zage ni mana. Kin yi shiru kin yi shiru, ki zage ni in ji."

"Ban yahe miki ba," in ji Tambaya, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ni kuma yahewa."

"Ban roƙa ba."

Tambaya ta ɗaura ƙwaryarta a tsumma, amma ba ta ɗauka ba. "An ce ke ma kina da guda."

"Yohanna."

"Haka nan kike hwaɗi, da bakinki."

"Kullum. Ba mai amsawa."

Tambaya ta waiga dama da hagu. Ba kowa sai zannuwa a kan igiya.

"Shekara ashirin da shida ban hwaɗi ba," ta ce. "In na koma ruga kuwa ba mai hwaɗinai gabana, za su ce suna tausaya min. Ke ba ki da kunya. Hwaɗi nashi."

Rahila ta ajiye langar. "Jibo."

"Ba haka ba. Yadda kike kiranai in kin kawo abinci. Ina jiyo ki daga gindin icce."

Rahila ta ɗaga murya yadda ta saba, da faɗa-faɗa. "Jibo. Kai Jibo, juyo nan ka ci abinci."

Tambaya ta rufe ido. "Ƙara."

Ta ƙara. Ta yi ta kira a bayan ɗakin nan, famfo na zuba a cikin langa har ta cika tana malala, matar tana tsaye ido a rufe tana saurare, har muryar Rahila ta dushe ta kasa fita. Sannan Tambaya ta buɗe ido, ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta bi ta gaban Garba ta kama hanyar Bungudu ba ta yi wa kowa sallama ba.